Hoton Ƙirjin Inno

Duk wanda aka taɓa turawa ɗaukar hoton ƙirji a ɗan asibitin nan na bayan tasha a Daura ya san Mardiyya, ko da bai riƙe sunanta ba. Yawancin mutane "A Sake" suke ce mata, a bayan idonta dai, don ba a samu mai ƙarfin halin faɗa a gabanta ba tukuna. Gajeriya ce, kakkaura, mai muryar da ake jiyowa tun daga wurin yankar kati. In ka shiga ɗakinta ta tsayar da kai a gaban farantin ɗaukar hoto, ta ɗauka, ta wanko, ta ɗaga hoton a fitila, to ka fara addu'a. Da ta karkata kai ta ja tsaki, ka san za ka koma ka cire riga. Ta sa alhazai sun tuɓe babbar riga, ta sa wani mai unguwa ya kwance layun da ko iyalinsa ba su san da su ba, ta taɓa kama kafaɗun wani tsohon soja ta turo su gaba, yana huci tana huci. In mutum ya fara noƙe-noƙe sai ta ce, "Malam, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ɗaga haɓa."

Ba mugunta ba ce, ko da yake wani lokaci har ni sai in ga kamar akwai 'yar ƙeta a ciki. Tana da dalilinta. Huhu, in ji ta, ba ya wahalar da mai kallo, tsakiyar ƙirji ita ce mai rikici. Zuciya da manyan jijiyoyin jini da maƙogwaro duk sun cunkushe a wuri ɗaya, a hoto kuma sai su fito farar inuwa guda. Ba a ganin cikin inuwar nan, gefenta kawai ake karantawa. Saboda haka kafin ta duba komai sai ta fara duba ƙasusuwan wuya guda biyu, ta ga ko tazararsu da ƙashin baya ɗaya ce. Daga nan ta bi haƙarƙari ta ga ko mutum ya cika huhunsa da iska. Sai ta ɗauki murfin biro ta bi gefen inuwar a hankali: ɗan tudun babbar jijiya ta hagu, kwarin da ke ƙasansa, faɗin zuciya da bai kamata ya wuce rabin ƙirji ba, sannan ta haura ta dama. Mutum ya ɗan karkace, ko ya ja numfashin ganin dama, sai zuciya ta fito ƙatuwa, tsakiyar ƙirji ta yi faɗi, hoto ya yi wa mai lafiya sharri ko ya rufa wa ciwo asiri. Ita ba likita ba ce, kuma ba ta taɓa cewa ita ce ba. Amma likitocin wurin sun saba cewa hoton da ya fito daga hannunta ba sai an yi masa tambaya ba.

A wani ƙauye gaba da Dutsi aka haife ta, gidan manoma masu jinin Fulani, irin gidajen da kunya ta yi wa katutu. Ita ce 'yar fari wurin mahaifiyarta, wadda kowa ke kira Inno. Da aka yaye ta sai kakarta Laraba ta goya ta zuwa Daura, kamar yadda aka saba, a can ta girma, a can ta yi makaranta. Laraba ce ta kafe sai ta yi boko, ita ce kuma ta raka ta har makarantar koyon aikin lafiya tana yi wa direba faɗa a hanya. Bakin Mardiyya da tsiwarta duk gadon Laraba ne.

Inno kuwa ba ta taɓa kama sunan Mardiyya ba. "Waccan" take cewa, ko "'yar gidan tsohuwa". In Mardiyya ta je ƙauye, Inno sai ta tsiri aiki a bayan ɗaki, in kuma akwai magana sai ta bi ta bakin Auta, ƙanwar Mardiyya: "Auta, tambaye ta ko ta ci abinci." Alhali ga ta nan zaune taku kaɗan. Yaran yanzu in sun ji haka sai su ce rashin so ne, don ba su san komai ba. Man shanun da ya fi kyau na Mardiyya ne, kazar da ta fi ƙiba ita ake yanka wa. Ranar da Mardiyya ta yi haihuwar fari, Inno ta hau mashin tun daga ƙauye ta zo Daura, ta tsaya a zaure har aka ce mata an sauka lafiya, ta juya ba ta ko leƙa ɗakin ba. Mardiyya ta san wannan duka, kuma ba ta taɓa ɗaukarsa rashi ba. Ita ma ta rama da irin tata kunyar. Ba ta zama tabarma ɗaya da Inno, ba ta haɗa ido da ita, kuma wannan murya da ke firgita alhazai, da ta shiga gidan nan sai ta koma ta amarya.

Haka suka zauna shekara da shekaru, ba wanda abin ya dama, har lokacin kakar da Inno ta fara tari. Lokacin sussuka ne, kowa ya ce ƙaiƙayin gero ne. Aka ba ta zuma da citta, aka yi sirace, tari ya ƙi tafiya, ga kuma wani nauyi da take cewa tana ji a ƙirji. Auta, wadda ke aure a ƙauyen kusa da ita, ta lallaɓa ta ta kawo ta asibitin da yayarta ke aiki. Likita Suhaibu ya saurari ƙirjin ya ce a ɗauki hoto. Akwai wani abokin aikin Mardiyya, Maliki, wanda da yana nan shi zai ɗauka kowa ya huta, to ranar ana sunan ɗansa, bai zo ba.

Auta ta shiga da Inno ta taimaka mata ta sauya riga, ta tsayar da ita a gaban faranti. Sai dai dokar ɗakin ita ce ba a barin mai rakiya a ciki in za a kunna na'ura, saboda haskenta. Auta ta fita ta ja ƙofa. A iya sanin Mardiyya, wannan ne karo na farko da aka rufe ƙofa ita da mahaifiyarta su biyu, babu na ukun da magana za ta bi ta bakinsa.

Inno ta tsaya, ƙirjinta na fuskantar faranti, bayanta ga na'ura. Da ta ji takun Mardiyya ta gefe ɗaya sai ta ɗan juya kafaɗa ta kauce wa wannan gefen, ta sunkuyar da kai har haɓarta ta kusa taɓa ƙirji. Ba da gangan ta yi ba, jikinta ne ya saba. Mardiyya ta gani sarai. Hannayenta biyu suka taso da kansu, kamar yadda suke tasowa kowace rana, suka kai daf da kafaɗun nan, sai suka tsaya a iska. Yaya za ta kama Inno ta murɗa? Da wane baki za ta ce mata ɗaga haɓa? Ta mayar da hannayen ta koma bayan katangar kariya, ta ce can ƙasa-ƙasa, "A ja numfashi." Inno ta ja ɗan abin da ta ja. Mardiyya ta danna.

Da ta wanko hoton ta ɗaga shi a fitila, ba ta buƙaci murfin biro ba. Ƙasusuwan wuya sun karkace, ɗaya ya matso ƙashin baya ɗaya ya gudu. Huhu bai cika ba. Can sama kuma, ta hannun dama, inda gefen inuwar ya kamata ya sauko a miƙe, ya ɗan bunƙuro waje. Ta daɗe tana kallon wurin. Karkacewa tana kawo haka, ta gani ba sau ɗaya ba. Wani abin ma yana kawo haka, shi ma ta gani. Hanyar rabewa ɗaya ce, a sake ɗauka, kuma ita ce ta fi kowa saninta a garin nan. Ta leƙa ta taga, ta hango Inno ta riga ta mayar da kayanta, ta zauna a kan benci a bayan Auta, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska kamar wadda ta fito daga wata babbar jarrabawa. A ce ta koma ta sake kiranta, ta sake tuɓe ta, ta kuma taɓa ta? Mardiyya ta sa hoton a ambulan ta nufi ofishin likita.

Likita Suhaibu ya ɗaga hoton, ya sa yatsa daidai wurin. "Hajiya, nan ya yi mini faɗi."

"Ta karkace ne, likita. Kuma ba ta cika huhu ba."

Ya dube ta yana murmushi. "Ke da kanki kika bar karkataccen hoto ya fito? Yau za a yi ruwa. Ko a sake?"

"Tsohuwa ce, ta gaji. Huhun dai ga shi fes."

"To, in ke kika ce karkacewa ce, ni wa?"

Ya sa aka gwada majina, ba a samu tarin fuka ba. Ya rubuta magani, ya ce in tari bai tsaya ba a dawo da ita. Ba sakaci ya yi ba, amana ya bayar, kuma wadda ya ba ta san haka. Wannan suna da ta yi shekaru tana ginawa da tsaki da murɗa kafaɗun mutane, shi ta ɗauka ranar nan ta rufe bakin likita da shi.

Tari ya ɗan lafa da magani, kuma wannan sauƙin shi ya ƙarasa ɓata lamarin. Mardiyya takan kira Auta a waya ta ce, "Ya jikin Inno?" Auta ta ce, "Da sauƙi." To wace Bahaushiya ce za a tambaya jiki ta ce babu sauƙi? Mardiyya ta san amsar baki ce kawai, amma ita take so ta ji, sai ta karɓa ta kashe waya. Abin dai bai bar ta ba. Tana cikin bin gefen inuwar wani baƙo da murfin biro, in ta zo sama ta dama sai gabanta ya faɗi. A watannin nan ta ƙara zafi a wurin aiki, har Maliki ya ce mata, "Yaya, mutanen nan marasa lafiya ne fa, ba ɓarayi ba." Sau da yawa ta yi niyyar ta ce wa Auta ta dawo da Inno ranar da Maliki ke aiki. Abu ne mai sauƙi, ba ya ɗaukar ko rabin wuni. Amma faɗar haka yana nufin ta yarda akwai abin da ta gani ta bari, sai ta ce bari dai a ga ƙarshen maganin, bari zafin nan ya wuce, bari a sha ruwa.

Da salla ta je ƙauye. Ta ji muryar Inno ta dushe, ta kuma lura tana cika wa tuwo miya har ya zama kamar kunu kafin ta haɗiya. Auta ta ce sanyin randa ne. Mardiyya, mai karanta ƙirjin mutanen masarauta guda, ta ce haka ne, sanyin randa ne, ta kawo shawarar a riƙa ba ta ruwan ɗumi. Ta koma Daura da man shanunta a jaka, ranta a jagule.

Damina ta sauka, an yi noman fari, sai Auta ta kira, wannan karon ba "da sauƙi" a bakinta. Fuskar Inno tana kumbura da safe, jijiyoyin wuyanta sun fito ruɗu-ruɗu, ba ta iya kwanciya sai a jingine. Mardiyya ta ce a kawo ta yau ɗin nan.

Maliki yana nan ranar, har ya miƙe zai karɓa, ta ce ya bari. Auta ta fita ta ja ƙofa. Inno ta tsaya a gaban faranti, ta kauce da kafaɗa ta sunkuyar da kai kamar wancan karon. Mardiyya ta matsa ta ce, "Inno, ki yafe ni." Ta kama kafaɗun biyu ta daidaita su, ta turo su gaba har suka manne da faranti. Ba ta san Inno ta rame haka ba sai da ta ji ƙashi a tafin hannunta. Ta sa yatsa a ƙarƙashin haɓar ta ɗaga. Inno ta rufe ido, ba ta ƙi ba. Abin da Mardiyya ta yi ta jin tsoro kamar hawan dutse, ashe bai fi ƙiftawar ido ba. Ta koma bayan katanga ta ce da muryarta ta aiki, "Ja numfashi. Ƙara. Riƙe!"

Hoto ya fito a miƙe, irin wanda ake koyar da ɗalibai da shi. Inda a da aka ga ɗan bunƙuri, yanzu ƙullutu ne kamar curin fura, ya cika saman ƙirji ta dama, ya ture maƙogwaro gefe. Likita Suhaibu ya kalla, ya kalli Mardiyya, ya sunkuya ya rubuta takardar tura su babban asibiti a Katsina. Bai ambaci hoton farko ba. Da ya zage ta da ta fi samun sauƙi.

A Katsina suka samu wani babban likita mai furfura, wanda bai san Mardiyya ba. Cikin hijabinta na unguwa ta je, a matsayin 'yar mara lafiya, ta zauna a kujerar gefe. An riga an sa Inno a wata babbar na'ura, an kuma ɗebi ɗan naman wurin an gwada. Likitan ya jera sakamakon a gabansa, sannan ya ce, "An taɓa ɗaukarta hoto kafin wannan?"

Mardiyya ta kawar da kai. Auta ce ta buɗe jaka ta zaro ambulan, lulluɓe da wani sabon ɗankwali. Ashe tun ranar da aka ba su hoton Inno ta adana shi a ƙasan kwalla tare da zannuwanta na fita, ba ta yarda ko jikokinta su taɓa ba, don aikin hannun 'yar gidan tsohuwa ne.

Likitan ya jera hotunan biyu a fitila. Ya sa yatsa a kan na farko. "Ga shi nan tun lokacin, yana ƙarami. Hoton a karkace yake, shi ya sa aka raina shi. Da an sake ɗauka ranar, da tun kaka kuna nan, kuma da muna da abin yi da yawa. Yanzu ya kama jijiya, sai dai mu rage mata wahala, sauran kuma na Allah ne." Ya juyo ransa a ɓace. "Wai wace irin ma'aikaciya ce, ko ma'aikaci, zai ga mutum a karkace haka ya danna, ya kuma bar hoton ya fita? Ba a ce miki ki miƙe ba, Baba?"

Mardiyya ta buɗe baki. Ta shirya, wallahi ta shirya, har ta ji wani irin sanyi na cewa yau dai za a sauke mata kayan nan. Sai dusasshiyar muryar Inno ta riga ta.

"An ce, likita." Inno na kallon ƙasa, tana tsayawa tana neman numfashi tsakanin kalmomi. "Yarinyar ta ce in miƙe, ta ce in ɗaga kai. Ta faɗa ta sake faɗa. Har ta ce a sake, ni na ce na gaji, gida za ni. Taurin kaina ne. Kada a ga laifin 'yar mutane."

Likitan ya sauke ajiyar zuciya ya girgiza kai. "Haka tsofaffinmu suke." Ya dubi Mardiyya. "Ke ce babbar 'yarta? To daga yau ki riƙa sa ta tana bin maganar ma'aikata. Sun san abin da suke yi."

Mardiyya ta ce, "To, likita."

Inno ba ta ga girbin shekarar ba. A ɗakin Mardiyya ta yi jinyarta ta ƙarshe, ita ke juya ta, ita ke mata wanka, kunya ta kau don dole. Sau biyu Mardiyya ta ɗauko maganar, sau biyu Inno ta rufe ido ta yi kamar barci ya ɗauke ta. Auta har yau ta yarda taurin kan Inno ne ya jawo, takan ma faɗa in ana hira, tana share hawaye tana dariya. Mardiyya tana nan a ɗakin hotonta, tana aikinta yadda ya kamata. Ciwon da jinkirin duka ta iya ɗauka ta kai gaban Allah ta roƙi gafara. Abin da ya fi ci mata rai shi ne, duk ƙauyen nan an shaidi Inno ba ta ƙarya ko da wasa, har ta tsufa, sai rana ɗaya tak da ta yi ta a gaban baƙo, numfashinta na sarƙewa, kuma saboda ita ta yi.